Wanda Ya Share Sawunsa a Cikin Saƙonni

Nas ce ta fara ganin gawar. Ta zo da sassafe za ta buɗe ofishin ƙungiyar iyayen unguwa kamar kullum, ta tarar da ƙofa a sake, tana sa ƙafa takalminta ya manne da wani abu mai danƙo. Ihun da ta kurma shi ya fito da mutanen unguwar ma'aikata daga gidajensu, wasu ko fuska ba su wanke ba.

Sufeton da aka turo mace ce, doguwa, ba ta da yawan magana. 'Yan sanda da ɓarayi duka Mai-Sawu suke ce mata, don farkon aikinta ta yi shi ne tana bin ɓarayin babura ta lunguna da magudanan ruwa, kai a sunkuye, har sai ta ƙwanƙwasa ƙofar da sawu ya ƙare. Ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa kafin ta shiga.

Ofishin tsohon shago ne. Dogon teburi, kujerun roba, kwamfutocin da aka samu kyauta, bango cike da hotunan yara, waɗansu an zagaye su da baƙar tawada. Mamacin yana kwance tsakanin teburi da bango. Tabarau ake kiransa, mai gyaran kwamfuta, tabaran nasa kuwa ga shi can an take shi. An farfasa masa ƙeya da ƙarfe mai nauyi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Haƙoransa na gaba sun karye, bakinsa cike da busasshen jini. Kujerun da suka kife sun nuna bai mutu cikin sauƙi ba.

Ta tsuguna. An yi wa fuskokin kwamfutocin kaca-kaca, amma ɓarɓashin gilashin a saman jini yake, ba a ƙarƙashinsa ba. Sai da aka gama da mutum aka koma kan kaya. A ƙarƙashin teburi akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da bai kai kwalin takalmi ba, shi ya fi komai shan duka, an daka shi har ya baje. Makullin ƙofa lafiya lau. Kofunan shayi biyu, ɗaya a kife.

Ba ta gama miƙewa ba ta ji hayaniyar waje ta canza murya.

Motar kamfanin narka batura ce ta shigo ɗaukar ma'aikatan safe, direban bai san abin da ake ciki ba. Kafin Mai-Sawu ta ratsa taron an riga an fizgo shi ƙasa. "Su ne! Su suka kashe shi!" Mai dutse na jifa, mai sanda na maka masa, wata mata ta cire takalmi tana ƙwala masa a baki. Wani ya taho a guje da galan ɗin fetur. Mai-Sawu ta zaro bindiga ta harba sama, ta tsaya a kan direban, ƙafa ɗaya nan ɗaya can.

"Wanda ya ƙyasta ashana, wallahi tare da direban nan za a binne shi!"

Taron ya ja baya yana huci. Direban ya yi jina-jina, hannunsa ya lanƙwashe ta inda ba gwiwa, idonsa na hagu ya fashe. Aka jefa shi a motar 'yan sanda yana wani irin gurnani da ba ya kama da na mutum.

*

Shugaban ƙungiyar dattijo ne mai furfura, kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ta same shi zaune a kan dakali yana sharar hawaye, hannunsa na dama naɗe da bandeji.

"Me ya sami hannun, Kawu?"

"Garin raba su da bawan Allah nan ne, 'yata. Gilashin mota ya yanke ni. Mutanena ba mugaye ba ne, zuciya ce ta kai su bango."

Shi ya ba ta labarin daga tushe. A ƙarshen titi akwai masana'antar da ke narka tsofaffin batura tana fitar da darma. Yaran unguwa suka fara ciwon ciki, daga nan sai jijjiga, wasu suka daina magana, wasu aka kai su makwanci. Da aka gwada jininsu aka samu darma. Shi Kawu ya yi shekaru yana heluma a ɗakin narka, leburori duka a ƙarƙashinsa, ya ajiye aiki ranar da aka binne ɗan ƙanwarsa, ya tara iyaye suka kai ƙara. Kotu ta ce kamfani ya miƙa saƙonninsa na imel. Kamfanin ya juye musu na shekara da shekaru, dubban ɗaruruwa, a cakuɗe da tallace-tallace da gaishe-gaishe, don su nutse a ciki.

"Da mun nutse ɗin kuwa," in ji Kawu, "ba don wannan yaron ba. Ya samo wata manhaja ta kyauta ya kafa mana a cikin ɗan akwatin nan. Kowace yamma mukan zo, ni da Nas da wasu, mu karanta, mu liƙa wa kowane saƙo alamar da ta dace. Saura kaɗan a koma kotu. Ki faɗa min wa ke da riba in ba kamfani ba."

"Wa yake shan shayi da shi jiya?"

"Allah masani. Ni na yi sallama da shi tun la'asar." Ya share ido. "Ki tambayi Sajan, shugaban masu gadin kamfani. A gaban kowa ya taɓa marin Tabarau, ya ce sai ya karya masa yatsu."

*

Sajan ƙato ne, tsohon soja. A bakin masana'anta suka same shi. Da ya ga ankwa ya ture kurtu ɗaya ya faɗa kan ƙofar ƙarfe, ya naushi na biyu a muƙamuƙi. Sai da aka buga masa gindin bindiga a gwiwa ya durƙushe, aka danne fuskarsa a kan tsakuwa. Mai-Sawu ta tsuguna kusa da kansa.

"Ina kake jiya da yamma?"

"Ba ruwanki."

"To ruwan alƙali ne. Ku ɗaga shi."

Sai ƙaton nan ya fashe da kuka, majina da jini suna haɗuwa a gemunsa. Ya ce tun azahar ta jiya har wayewar gari yana ɗakin yara a asibiti. 'Yarsa ce ke jijjiga. Da sunan ƙaninsa ya rubuta ta, don in manaja ya ji 'yar shugaban masu gadi na da darma a jini, aikinsa ya ƙare.

"Ranki ya daɗe, na mare shi, ban musa ba. Amma me zan fasa? Saƙonnin nan daga wurinmu suka fito. Kamfani na da su, lauyoyi na da su, kotu na da su. Wane wawa ne zai kashe mutum don ya fasa akwati ɗaya?" Ya ja numfashi. "Ni abin da ke cina daban ne. Gidana na can ɗaya ƙarshen unguwa inda hayaƙi ba ya kaiwa. Kayan aikina a nan nake barinsu. Yarinyar nan ko ƙofar masana'anta ba ta sani ba. Ta ina darmar ta shige ta?"

Ta aika asibiti. Ma'aikatan ɗakin yara suka tabbatar: ƙaton bai motsa daga bakin gadon ba, har faɗa suka yi da shi kan ya tare hanya. Ta sa aka kwance shi. Maganarsa ta tsaya mata a rai. Idan saƙonnin na ko'ina, to ba su aka zo kashewa ba. Akwai wani abu a akwatin nan da babu shi a kotu.

*

Maƙwabta sun ce sun ji Nas da Tabarau suna cacar baki shekaranjiya, kuma tana da makulli, kuma a da ita ce ke kula da ɗan asibitin kamfani. Mai-Sawu ta same ta a tsakar gida tana wanke takalmin da ta taka jini da shi, tana ta dirza ko da yake ya daɗe da fita.

"Faɗa kam mun yi," in ji Nas. "Ya shigo gidan nan ko sallama bai ƙarasa ba, ya ga jikana na wasa a ƙasa, ya fizge shi kamar ya ga maciji. Yaro ya tsorata ya yi ta tsala ihu. Ya ce kada in ƙara barinsa ya zauna a ƙasa. Na ce ƙazama ka mai da ni? Ni da nake share gidan nan safe da yamma? Na wanke shi tas, Allah ya yafe min."

"Bai faɗi dalili ba?"

"Ya ce zai yi bayani a taron ƙungiya. Wai akwai wanda ya kamata ya fara yi wa magana tukuna, don girmamawa." Ta saki takalmin a ruwa. "Tabarau ke nan. Ko kaza zai kora sai ya ba ta haƙuri."

Mai-Sawu ta dubi tsakar gidan. Shararre ne fes, ƙasar a daddaɓe, lafiyayya, babu rami ko ɗaya. Ta dubi hannuwan Nas, ƙanana, sirara. Ba waɗannan ne suka baje akwatin ƙarfe ba.

*

Matar mamacin malamar lissafi ce a makarantar unguwa. Gidan cike yake da masu gaisuwa, amma da ta ga Sufeto ta tashi ta ja ta ƙuryar ɗaki ta rufe ƙofa. Idanunta sun kumbura, muryarta kuwa a tsaye take.

"Sun ce an fasa akwatin."

"An baje shi, Malama."

"To wanda ya fasa bai san mijina ba." Ta ɗaga katifa ta jawo wata tsohuwar kwamfutar cinya da aka ɗaure murfinta da salatif. "Manhajar nan ba ta kowa ba ce, ta kowa ce. A buɗe take, mutane daga ko'ina a duniya suke gina ta, wanda ya ga gyara ya gyara. Ba a biyan ko sisi, don haka ya sa ta a nan ma. Duk abin da aka yi a ofis, kafin ya taho gida sai ya kwafo. Ni da shi muka koya mata haruffanmu masu lanƙwasa, muka aika wa masu kula da ita, suka karɓa. Ranar ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa."

Ta kunna kwamfutar.

Ta nuna wa Mai-Sawu yadda abin yake. Manhajar ta karanta kowace kalma a cikin kowane saƙo ta riƙe inda take. Ka rubuta kalma, kafin ka ƙifta ido ta zubo maka duk saƙon da ke ɗauke da ita. Alamomin da 'yan ƙungiya ke liƙawa kuwa su ne aikin gaske: wannan na jini, wannan na hayaƙi, wannan na likita. Su ne babu a kotu.

Mai-Sawu ba ta san kan kwamfuta ba, amma ta san yadda ake fara bin mutum. "Rubuta sunan Sajan."

Saƙonni suka zubo har allon ya cika ya ci gaba.

"Nas."

Suka zubo.

"Direban da aka daka."

Har shi ya fito, a jadawalin motoci da takardun hutu.

"Kawu. Sunansa na yanka."

Malama ta rubuta. Allon ya tsaya fari fat. Ta goge ta sake rubutawa, ta canza harafi, ta sa sunan mahaifinsa. Babu.

"Wataƙila ba ya aika saƙo," in ji Malama.

"Heluman ɗakin narka? Wanda kullum sai ya kai rahoto sama? Direba ya fito, shi bai fito ba?" Mai-Sawu ta matso da kujera. "Na taɓa bin wani ɓarawo har bakin wani lungu, sawu ya ɗauke. Lunguna uku ne a wurin. Biyu cike da sawun yara da awaki, na ukun kuwa sumul kamar an yi masa guga. Na ukun na shiga. Malama, a cikin abin nan akwai yadda mutum zai share ƙasa?"

Malama ta ƙura wa allon ido. Sai ta dafe baki.

"Ƙaiƙayi," ta ce. "Shi ya raɗa sunan, don wasa. Saƙo mai amfani tsaba, tarkacen talla da gaisuwa ƙaiƙayi. Duk wanda aka liƙa wa wannan alamar, manhaja ba ta ƙara nuna shi a bincike, sai in ka kira shi da gangan."

Ta rubuta sunan, ta ƙara alamar a gefensa. Allon ya cika.

Rahotanni ne na shekaru, duk an binne su. Wanda ya binne bai tsaya zaɓe ba, duk inda sunan ya fito ya rufe. A cikinsu akwai guda ɗaya da Tabarau ya liƙa wa tasa alamar, kalma ɗaya: yara. Malama ta buɗe ta karanta a hankali. Heluma ne ke rubuta wa manaja, yana cewa maimakon a ɗauki motoci su kai tokar murhu juji mai nisa, a ba shi ita ya raba wa ma'aikata su cike ramukan tsakar gida da filin wasan yara kafin damina, za su gode. Manaja ya amsa cewa likitan kamfani ya ce tokar cike take da darma, amma a yi, kada dai a yi surutu. A ƙasa heluma ya rubuta: na gane, ranka ya daɗe.

Mai-Sawu ta ɗago kai daga allon. Ta tuna tsakar gidan Nas, lafiyayya, babu rami ko ɗaya. Ta leƙa ta taga. 'Ya'yan masu gaisuwa na zaune a ƙasa suna gina gidaje da ita, ɗaya na tsotsar yatsa.

*

Wannan ya ba ta dalili, bai ba ta hannun da ya riƙe ƙarfe ba. Ta wuce asibiti. Direban na kwance an naɗe masa rabin fuska, yana magana ta gefen baki.

"Wa ya fara taɓa ka?"

"Tsohon nan mai furfura. Shi ya buɗe ƙofar motar ya ce ga ɗaya daga cikinsu."

"Ya ce gilashinka ne ya yanke shi garin cetonka."

Direban ya so ya yi dariya, zafi ya hana shi. "Ranki ya daɗe, abin da idon nan ya gani na ƙarshe kafin a fasa shi ke nan. Hannu naɗe da farin bandeji a kan marfin ƙofata. Lokacin ko dutse ɗaya ba a jefa ba."

*

Washegari da hantsi ta kira su a wani aji na makarantar Malama: Kawu, Nas, Sajan yana ɗingishi, da ƙanwar Kawu, wata tela siririya da mutuwar ɗanta ta tsotse, ta zo daga shago da igiyar awo rataye a wuya. Mai-Sawu ta so a yi abin a rufe, amma unguwa ta ji. Kafin a zauna tagogi sun cika da fuskoki. Ta sa kurata a ƙofa.

Malama ta haɗa kwamfutar da na'urar haska bango. Da Kawu ya ga tsohuwar kwamfutar nan mai salatif, ya daina jan carbi.

"Wanda ya kashe Tabarau ba baƙo ba ne," in ji Mai-Sawu. "An buɗe masa ƙofa, an zuba masa shayi. Ya san ɗan akwatin ƙarƙashin teburi ya fi manyan kwamfutoci muhimmanci. Sauran ɓarnar ya yi ta ne don ku ce kamfani. Kun kuwa faɗa, har kun cire wa mai iyali ido."



Malama ta rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya, bango na cika yana washewa. Da aka zo kan na Kawu bango ya tsaya fari. Wani daga taga ya ce, "To ai ka gani, Kawu ba ruwansa." Sai ta ƙara kalmar. Ta buɗe saƙon, ta ƙara girman rubutun yadda na bayan taga ma zai karanta. Waɗanda suka iya karatu suka karanta wa waɗanda ba su iya ba, maganar ta bi taron tana tafiya baya kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

"Ƙarya ce," in ji Kawu. "Kamfani ne ya ƙirƙira don ya raba kanmu."

"To wa ya binne shi a ƙaiƙayi? Kamfani ba ya zuwa ofishinku da yamma." Ta tako gabansa. "Kwance hannun, Kawu."

"'Yata, ni sa'an ubanki ne."

"Shi ya sa nake roƙo. Kwance."

Bai motsa ba. Sajan ne ya cafke wuyan hannun ya murɗe, ya warware bandejin da ƙarfi. Wari ya tashi. Hannun ya kumbura ya yi baƙi, a tsokar ƙasan babban yatsa ga shatin haƙoran mutum a zagaye, sun nutse har ƙashi.

Malama ta yi wani ɗan sauti ta kife kai a kan teburi.

"Na roƙe shi," in ji Kawu. Muryarsa ta koma ta wani tsoho da ba su sani ba. "Na durƙusa masa, yaron da na haifi kamarsa. Na ce ka bar ni in ci muku shari'ar nan, in mutu da mutuncina. Ya ce yara na kan ƙasar har yanzu, ba zai ƙara kwana biyu da maganar a ciki ba. Ya ce in faɗa da bakina ko shi ya faɗa. Ku da kanku, da na faɗa, za ku bar ni da rai?"

"Yaya."

Tela ce. Ta miƙe tsaye, ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, ka sani? Ranar da ka turo baron toka gidana, ka sani?"

Bai dube ta ba.

Mai-Sawu ta ga hannun Tela ya shiga aljihun riga, ta gane kafin almakashin ya fito. Ta yi tsalle ta shiga tsakani. Tsinin ya shige mata dantse ya tsaya a ƙashi. A daidai nan tagar farko ta fashe. Duwatsu suka shigo kamar ƙanƙara, ɗaya ya sami Nas a kafaɗa, ɗaya ya fasa na'urar haska bango. Malama ta rungume kwamfutar ta shige ƙarƙashin teburi. Ƙofa ta fara gunji, kuratan na tokare ta da bayansu. Wani saurayi ya ɗuro ta taga da ƙarfen gini, ya sauke wa Kawu a haƙarƙari, aka ji ƙas. Sajan ya ɗauke saurayin ya jefar da shi waje ta inda ya shigo.

Mai-Sawu ta zare almakashin daga hannunta ta jefar. Ta ɗaura wa Kawu ankwa a hannu ɗaya, ɗaya bakin ta ɗaura a nata. Ta buɗe ƙofa da kanta, jini na ɗiga daga yatsunta, bindiga a ɗaya hannun.

"Ga shi nan," ta ce. "Duk mai son sa sai ya haɗa da ni. Jiya kun daki wanda bai ji ba bai gani ba, yau ba za ku hana alƙali jin bakin wannan ba. A saƙon nan akwai amsar manaja. In kuka kashe shi, kun kashe mai shaida a kan kamfani. Kuma yanzu haka da kuke tsaye a nan, ina 'ya'yanku suke zaune?"

Wannan tambayar ce ta raba taron. Wata mata ta saki dutsen hannunta ta juya da gudu, wata ta bi ta, sai ga iyaye na watsewa suna kiran sunayen yara. Waɗanda suka rage suka yi ta tofa wa Kawu yawu har mota. Wani dutse ya fasa wa Mai-Sawu gira, ba ta ko juya ba. Ta tura shi ciki ta faɗa a kansa, mota ta tashi.

*

Washegari ta dawo unguwar da ɗinki a hannu da gira, tare da motocin ma'aikatan lafiya. Ƙarfen da aka yi kisan da shi an same shi inda Kawu ya ce, a cikin tankin bayan gidansa. Malama, da takaba a kanta, ta riga ta cire wa saƙonnin alamar ƙaiƙayi ta miƙa wa lauyan ƙungiya.

Tun daga bakin titi Mai-Sawu ta ji ƙarar diga. Kowane gida ana haƙa. Ƙasar sama ba ta kai tafin hannu kauri ba, ƙarƙashinta baƙar toka ce mai ƙyalli. Ma'aikatan lafiya na bi gida gida suna roƙo a dakata, a jiƙa ƙasar tukuna, a rufe hanci, a fitar da yara. Wasu sun ji, wasu ko ɗagowa ba su yi ba.

Ta sami Tela ita kaɗai a tsakar gidanta, tana sara da fartanya, tafukanta sun fashe. Da ta ga bandejin Sufeto ta tsaya.

"Kin zo tafiya da ni?"

"Na zo duba ƙasa."

Tela ta nuna wani wuri kusa da randa. "A nan yake zama ya ci abinci. Ba ya son tabarma, sai ƙasa. Kawunsa da kansa ya turo baron, ya baje mana ita, ya daddaɓe da ƙafarsa. Har girki na yi masa na godiya, ya ci ya ƙara."

Ta ɗaga fartanyar ta ci gaba.

A bakin ƙofa wata 'yar maƙwabta da ba ta daɗe da fara tafiya ba ta tsuguna, ta damƙi baƙar tokar da aka tara tana shirin kaiwa baki. Mai-Sawu ta sunkuya ta buɗe ɗan hannun ta kakkaɓe shi a jikin rigarta, ta saɓi yarinyar da hannunta mai lafiya, ta nufi motar asibiti da ita tana tambayar mutane 'yar wace ce.